Kawu Illa da Bai Yarda da “Okife” Ba

Ku da kuka san Kawu Illa, ƙanen mahaifiyata, kun san akwai kalmar da ba ta fitowa daga bakinsa: “okife”. Shi ne mai haɗa tarho a gidan wayar Madawa tun ina saurayi, kullum yana gaban allon nan mai ramuka, abin saurare a kan hula, igiyoyi a hannu. Ko'ina a ƙasar nan, in ka kira aka tarar ana magana a layin, sai a ce maka okife, ka sake kira. Ban da wurin Kawu!

“Baƙo shi yo sallama ka ce mai okife? Haba! In maigida na da mutane, ai wurin maƙwabci a ka kai shi.”

Haka kuwa yake yi. Ya jera layukan garin a kansa yadda gine-ginen suke a bakin hanya. In wanda ka nema yana magana, sai ya soka igiyar a ramin na kusa da shi, in shi ma haka ne ya matsa gaba, har sai wani ya ɗauka. Ko mutumin ya san abin da ya kawo ka, wannan ba ruwan Kawu.

Wani dattijo ya kira daga Buza an sace masa raƙumi, layin jandarma a kame. Sai ga shi a kunnen daraktan lakwal, wato shugaban makarantar boko, wanda muke ce wa Mushe.

“Illa, mi ya haɗa ni da raƙumi?”

“Mushe, ban ce ka nemo shi ba. Ka yi mai jaje kahin jandarma su ƙare.”

Kumandan mai mulkin garin da kansa bai tsira ba. Ya nemi gidansa, uwargida na hira da ƴar'uwarta, Kawu ya miƙa shi ga mai kula da gandun daji. Kumandan ya taso da mota har gidan waya yana huci. Kawu ko hularsa bai gyara ba.

“Ranka shi daɗe, tun da anka kawo ka garin ga ba ka gaishe shi ba. Na ga dama ta samu.”

Ni ma na sha yi masa dariya, har shekarar da na tafi cin rani Abijan na baro matata Hajo da cikin fari. Wani direban albasa ya iske ni a kasuwa ya ce ya ga an kai ta gidan haihuwa na Madawa a amalanke, naƙuda ta yi tsanani, bai san yadda aka ƙare ba. Wallahi ban san da wace ƙafa na isa gidan waya ba. Na sha jira kafin muryar Kawu ta fito can nesa.

“Kawu, Abdu ne! Hajo hwa?”

“Lahiya lau take.”

Kun san halinmu, ba a gaya wa matafiyi mutuwa a waya. Ko an dawo daga maƙabarta, “lafiya lau” za a ce masa, sai ya zo gida ya gani. Na ce “to” kawai. Ya gane.

“Ba ka yarda ba ko? Tsaya nan, kar ka aje.”

Layin gidan haihuwa a kame. Na kusa da shi kuwa na likitan dabbobi ne, katanga ɗaya ta raba su. Kawu ya haɗa ni da shi. Bawan Allah ya ji bayani, ya ce bari ya miƙa tarhon ta taga in ji kukan jariri da kunnena.

“Ka ji?”

“Likita, wagga ai akuya ce!”

“To, yi haƙuri, ta wajena ce.”

Ya ajiye tarhon bai yanke ba, ya fita. Ina jin Kawu yana faɗa da masu haɗa tarho na Yamai da ke son karɓe layin: “Ba a yanke ba! In kun yanke, ku da Allah!” Can sai na ji takun tafiya a hankali, da muryar ungozoma tana cewa, “Riƙe nan, ki yi magana, ba shi cizo.” Hajo ce, an tallabo ta. Ga mutane tsaye a kanta, ga kunya. Abin da ta iya cewa kawai shi ne:

“Ina gajiya?”

Jama'a, na zauna a ƙasa cikin ɗakin wayar nan na yi kuka kamar yaro. Likita ya karɓa ya ƙarasa mini irin yadda ya saba: “Guda ce, mace. Uwa na ci, ɗiya na sha.” Sai na ji wani yana jan hanci a layin.

“Kawu, saurare kake?”

“Mura ce. Yi maganarka.”

Jaririyar nan ita ce Rabi, da ta raba muku ruwa ɗazu. Ita ta yi jinyarsa har ya cika.

Allah ya jiƙan Kawu Illa, ya yafe masa. Yadda ya sanyaya mini zuciya rannan ina can cikin baƙin wuri, ya Allah ka sanyaya masa makwanci. Amin.