Ruwan Malam Sa'adu Ya Daskare a Madina

Jos

Tun kafin kiran assalatu na fito daga gida wata ranar Asabar, jaka a kafaɗa, faifan 'Yan Ƙanƙara kuma naɗe cikin tsumma a aljihun gaban rigata. Danladi ne ya kai ni tasha a kan babur ɗinsa, duk da mun kusa wata biyu gaisuwarmu ba ta wuce ɗaga hannu.

Ga wanda bai san mu ba, ga yadda abin yake. Malam Sa'adu makanikin injin sanyi ne a wani kamfanin nama a Jos. Kamfanin ya tura shi kwas Kanada, can ya ga wasan da ake yi a kan daskararren ruwa, mutum yana sulɓi da takalmi mai ƙarfe a ƙasa, yana korar wani baƙin faifan roba da sanda mai lanƙwasa. Ya dawo da sanda biyu da faifai ɗaya. Kafinta ya kwaikwayi sandunan, kamfani ya ara mana wani tsohon sito mai daɓen siminti, aka tara yaran unguwa 'yan ƙasa da shekara sha biyar, Musulmi da Kirista. Mutane suka laƙaba mana 'Yan Ƙanƙara don tsiya, mu kuwa muka riƙe sunan. Da kambas muke gudu. Ni ne gola, kuma haƙorina na gaba da har yau babu shi, faifan nan ne ya cinye shi.

Muna da al'ada. Kafin kowane wasa Malam zai kwara bokitin ruwa a siminti don faifai ya riƙa sulɓi, mu tsaya shiru muna kallon ruwan. Sai ya ce, "Ya daskare?" Mu amsa baki ɗaya, "Bai daskare ba, Malam." Ya ce, "To, sai gobe. A buga."

Daga baya Malam ya tafi aikin Hajji bai dawo ba, muka ji ya zauna a Madina. Ni da Danladi muka gaji ƙungiyar. Yanzu kamfani ya ce zai karɓi sitonsa. Masu kula da wasanni sun ce za su ba mu fili, amma da sharaɗin mu koma hokin ciyawa da zagayayyiyar ƙwallo kamar kowa. Danladi ya ce a karɓa. Ni na ce sai dai a rufe ƙungiyar. Har an kusa ba hamata iska a taron tsofaffin 'yan wasa, sannan aka yanke cewa tunda zan je umra, in nemo Malam, abin da ya faɗa shi ke nan.

Da zan shiga mota Danladi ya riƙe hannuna. "Habu, ka gaya masa gaskiya, ban da ƙarin gishiri. Yara shida suka rage mana."

"Na ji."

"Ni Kirista ba ni da damar shiga garin can. Ka ce ɗansa Danladi yana gaishe shi."

Na zare hannuna na shiga mota, don a lokacin har yanzu haushinsa nake ji.

Kano da Jidda

Mun bi ta Saminaka da Zariya, sojoji sun tsayar da mu sau uku, a na ukun har aka sauke kaya. Azahar ta same mu a Kano. Na kwana biyu a Fagge wurin wani ɗan'uwan mahaifiyata, wanda ya cika ni da waina da addu'a da saƙonnin da rabinsu na manta.

A filin jirgin Jidda ne faifai ya kusa sa ni cikin rigima. Ma'aikacin kwastan ya kwance tsumman, ya juya abin, ya shinshina, sannan ya zaro 'yar wuƙa zai kankare gefensa. Wallahi ji na yi kamar fatata zai yanka. Na kama hannunsa. Allah Ya taimake ni wani dattijo mai shara, Bahaushe, ya matso ya ce mini, "Sake shi, yaro, nan ba gida ba ne." Ya yi masa bayani da Larabci cewa ƙwallo ce. Mutumin ya ce bai taɓa ganin ƙwallon da mota ta taka ba, ya wurgo mini abina.

Na wuce Makka na yi umra, na roƙi abin da na roƙa. Ba zan ɓoye ba, har da roƙon Allah Ya sa Malam ya goyi bayana.

Madina

Jirgin ƙasa ya sauke mu Madina da hantsi. Yusha'u, ƙanen matata da ke karatu a jami'ar Musulunci, shi ya tarbe ni, ya kai ni ɗakin da yake haya a Ranuna, kusa da Kuba. Muka ci ful da gurasar tamis, na yi wanka, muka tafi ziyara. A gaban kabarin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sallamar ma da ƙyar ta fito. Abin da na ji a wurin ba na rubutawa ba ne.

Kashegari muka fara nema, kuma nan na yi wauta. Duk Bahaushen da muka tarar sai in ce ina neman Malam Sa'adu mai ƙanƙara, don haka ake kiransa a Jos. Samarin da aka haifa a can suna jin Hausata sarai, amma da Larabci suke mayar mini, kuma kalmar ƙanƙara ba su san ta ba. Wani tsoho mutumin Damagaram ya ce shi ƙanƙarar da ya sani ita ce mai faɗowa da ruwan sama ta kashe gero. Sai da Yusha'u ya ce talaj, wato ƙanƙara da Larabci, sannan wani direban tasi, wanda ya ce kakansa Bakatsine ne, ya buga sitiyari.

"Sa'adu hag at-talaj? Na san shi, ya ammi. Yana Uhudu. Yalla, ku shiga."

Uhudu

Ya sauke mu gindin dutsen, inda rumfuna suke jere ana sayar wa maziyarta dabino da tasbaha da ruwan sanyi. Muka fara yi wa shahidai sallama. Sannan direban ya nuna mana wani ƙaton mutum yana fasa ƙanƙara da guduma. Sunansa Sa'adu kuwa, amma mutumin Chadi ne, bai ma san inda Jos take ba. Na zauna a kan akwatin lemo kamar wanda aka yi wa duka.

Mutumin ya ba ni ruwa, ya ce in faɗa masa kamannin wanda nake nema. Na faɗa, har na zaro faifan na nuna masa. Yana ganinsa ya ajiye guduma.

"Ai Kanadi kake nema. Usta Sa'ad Kanadi, mai gyaran injin masana'antar da nake saro talaj. Kullum labarinsa ke nan, wasan sanda a kan talaj a Kanada, muna ce masa ya haukace. Amma fa ba shi da lafiya, ɓarin jikinsa ya shanye tun bara."

Gidan Malam yana bayan rumfunan, a wani lungu. Matarsa Hajiya Rabi, haifaffiyar Madina, ta yi mana iso. Na bar Malam dogo mai faɗin ƙirji, na tarar da ɗan tsoho a jingine da matashi, hannun dama a kwance kan cinya. Na durƙusa na gaishe shi, ya dube ni bai gane ni ba. Sai na yi murmushi. Ya ƙura wa giɓin haƙorina ido, bakinsa ya yi ta motsi kafin maganar ta fito.

"Gola."

Nan na yi kuka, ban ji kunyar Yusha'u ba.

Bayan an sha shayi na kwance masa zancen. Na isar da gaisuwar Danladi, na faɗi batun sito da batun fili, kuma Allah Ya sani na ja ruwa wajen nawa ɓangaren. Na ce ciyawa ta kowa ce, faifai namu ne. Na ɗora masa faifan a hannun hagu. Ya daɗe yana shafa shi da babban yatsa, sannan ya dubi Hajiya ya ce, "Gobe. Masana'anta."

Ta ce, "Alhaji, sanyin nan ba zai yi maka kyau ba."

Ya sake cewa, "Gobe."

Masana'antar ƙanƙara

Bayan sallar asuba direban jiya ya zo, muka ɗora keken guragun Malam a bayan mota. Masana'antar tana bayan gari kaɗan. Ma'aikata suka yi ta zuwa suna sumbatar kansa. Shugabansu ya ba mu manyan riguna masu kauri, ya ɗauko mabuɗi ya nufi wata 'yar ƙofa a can ƙarshe.

Kafin ya buɗe, Hajiya ta ja ni gefe. Hausarta tana gauraye da Larabci, amma na ji kowace kalma. Ta ce, "Ɗana, ɗakin nan tun shekararsa ta biyu a nan ya roƙi mai wurin ya bar masa. Duk lokacin Hajji sai ya kwara ruwa a ƙasa ya kunna inji, ya ce wataƙila bana wani cikin yarana zai zo. Da ya kwanta ma sai da ya sa ma'aikatan nan suka yi masa alkawarin ba za su kashe injin ba. Kai ne na farko."

Mu muna Jos muna faɗa a kan sunansa, ba wanda ya taɓa tunanin shi ma jiranmu yake.

Ɗakin bai fi shagon tela ba. Ƙasansa fari fat, sumul, fitila tana haskawa a ciki. Na tura keken Malam zuwa bakin ƙofa, muka tsaya shiru muna kallo, hayaƙi yana fita daga bakinmu. Sai na ji muryarsa, a hankali, harshe yana sarƙewa.

"Ya daskare?"

Amsar da na saba tun ina ɗan shekara sha biyu ita ta fara zuwa bakina, sai da na haɗiye ta. Na ce, "Ya daskare, Malam."

"To, shiga."

Na cusa ƙafa ɗaya, na ƙara ta biyu, sai ga ni a ƙasa, gola guda. Malam ya yi dariya da rabin bakinsa. Na rarrafa zuwa bango na durƙusa kamar yadda nake tsare raga. Yusha'u ya riƙe Malam, Malam ya sunkuya, ya ajiye faifan a ƙasa, ya tura shi da yatsu biyu kawai. Jama'a, shekara da shekaru ina jin faifan nan yana kurza siminti yana tsalle, sai an dake shi da ƙarfi yake tafiya. Ran nan ko ƙara bai yi ba. Ya taho shiru, ya wuce ta tsakanin gwiwoyina kafin in sauke hannu.

Na ɗauko na mayar masa, ina jiran ya ce in kai wa yara. Sai ya cusa shi cikin rigarsa.

"Yara nawa?"

Na so in ƙara, na tuna Danladi a tasha. Na ce, "Shida."

"Ka ga abin da aka yi shi dominsa. Siminti ba wurinsa ba ne. Ni ne na so, ku kuka biya da haƙora." Ya huta. "Danladi ya yi gaskiya. Ku ba yara ciyawa."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce, "Malam, duk wahalar nan a banza ke nan? Wannan tafiyar fa?"

Hajiya ta ce sanyi ya isa, muka fito da shi. Sai a mota, muna dab da Uhudu, na ce, "To ruwan fa, Malam? Shi ma a bari?"

Ya girgiza kai. "Ku zuba."

Na ƙara kwana huɗu a Madina, kullum da la'asar ina wurinsa. Bai sake ɗaga zancen ba, ni ma haka. Sunayen yaran farko yake tambaya ɗaya bayan ɗaya, ina gaya masa wanda ya yi aure, da wanda ya shiga soja, da wanda ya rasu. Ran da zan tafi na ga faifan a ƙarƙashin matashinsa.

Gida

Na biyo ta Jidda da Kano, na iso Jos da yamma ana yayyafi. Ban shiga gida ba sai da na biya wurin Danladi. Na ce masa, "Ya amsa gaisuwarka. Ya ce ka yi gaskiya." Bai yi murna ba, ya tambaye ni ina faifan, na ce yana wurin mai shi.

Sati uku bayan nan Yusha'u ya aiko da saƙo ta hannun wani mai dawowa daga umra cewa Malam ya rasu, an yi masa salla a masallacin Annabi, an kai shi maƙabartar Baƙi'a. Allah Ya jiƙansa, Ya sa can ta fi nan.

Ranar da muka fara a sabon fili, yaran shida sun zama sha ɗaya. Na ɗauki bokiti na kwara a ciyawa, ƙasa ta shanye ruwan nan take. Muka tsaya shiru. Na ce, "Ya daskare?" Suka ce, "Bai daskare ba, Malam." Na buɗe baki in ce sai gobe, muryata ta ƙi fita. Danladi ne ya faɗa a madadina, yara suka watsu cikin fili.

Ya matso kusa da ni ya ce, "Habu, da gaske ka gan shi a daskare?"

Na ce, "Har faɗuwa na yi a kai."

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya kai ni Ya dawo da ni. Ina gode wa Yusha'u, da Hajiya Rabi, da Sa'adun Chadi wanda kuskurena ya kai ni wurinsa, da ma'aikatan da suka bar injin nan a kunne har na iso.