Shagon da Ke Cikin Taswira

Ko da zan tsufa har in manta sunayen jikokina, ba zan manta ranar da aka tsayar da ni a gaban shagon da nake kai wa kaya na tarar babu shago ba.

Ni direban gidan burodi ne a Azare a lokacin. Karatuna bai wuce firamare ba, amma hanyar Gololo zuwa Katagum na san ta fiye da ɗakin kwanana. Tun Alhaji mai gidan yana da tanda ɗaya nake tare da shi. Sai ɗansa ya gama jami'a ya dawo da kwamfuta a jaka, aka ce mu riƙa kiransa Manaja. Ya liƙa wa kowace mota wata 'yar na'ura da ke nuna inda take, ya kuma ba mu waya. Ya ce duk shagon da muka sauke kaya mu tsaya a bakin ƙofa mu danna wayar, mu ɗauki hoto. Daga nan shagon zai fito a taswirarsa kamar ɗigo. Inda burodi ke ƙarewa ɗigon kore ne, inda ake dawo mana da kwantai kuma ja. Ban so abin ba, amma wa ya tambaye ni?

Akwai wata hanyar burji da nake yankewa bayan Gololo. A kanta, ƙarƙashin wani gawo, wata tsohuwa tana da rumfar zana da ɗan teburi. Kullum da tsakar rana nake isa wurin, lokacin da ko tsuntsu ba ya kuka. Goggo nake ce mata. Ta kan karɓi kaya da yawa, ba ta taya farashi, kuma ba ta taɓa dawo mini da ko guda ba. Na taɓa tambayarta su wa ke cinye wannan burodi haka, ta nuna bayanta da haɓa ta ce, "Mutanen gari mana, ɗan nan. Suna da yawa." Na hango jinkunan ɗakuna can cikin dawa, na kama bakina.

Ranar da na je saka ta a waya na ce, "Goggo, gyara mayafi, hoto zan ɗauka."

Ta ce, "Ni ba a ɗaukata hoto."

Mace ce sa'ar uwata, yaya zan matsa mata? Na danna wurin kawai na wuce. Wannan kunyar da aka tarbiyyantar da mu da ita, ita ce ta kashe ni.

Bayan damina Manaja ya tara mu a ofis ya juyo mana da kwamfutar. Ga ƙasar Katagum a shimfiɗe kamar tabarma. Ɓangaren Zadawa da Hardawa duk ja, ya ce za a rage zuwa can. Sai ya ɗora yatsa kan wani koren ɗigo shi kaɗai a tsakiyar fili.

"Baba direba, wannan naka ne. Ya fi shagunan bakin kasuwa shan kaya. Me ya sa ba shi da hoto?"

Na gaya masa. Ya yi dariya ya ce to gobe za mu je da Alhaji, yana son ajiye kwantena a wurin ya zama ƙaramin reshe. Wallahi har wani daɗi na ji, na ce yau dai an san da ni.

Muka tafi a motar Alhaji, ni ke tuƙi, Manaja riƙe da waya tana nuna masa hanya, alhali ni ba na bukatarta. Rana ta take muka iso. Ya ce, "Nan ne," na riga na taka burki.

Ga gawo nan. Babu rumfa. Babu teburi. Ko ramin da aka kafa sandunan rumfar babu. Na ɗaga kai inda nake hango jinkuna, sai ragowar katangu da ruwa ya zaizaye, ciyawa ta cinye su. Gefe guda kuma tudun ƙasa jere-jere da fasassun tukwane a kansu. Ba sai an gaya maka mene ne ba.

Na juya wajen Alhaji. Na ce, "Ranka ya daɗe, shekaranjiya na sha ruwa a nan."

Manaja yana kallon ƙasa. Sawun tayar motata ne birjik, sabo a kan tsoho, duk sun tsaya a wuri ɗaya. A gindin gawon kuma ga ledojinmu, masu tambarin gidanmu, an jera su an danne da dutse. Manaja ya ɗauki ɗaya. Bakinta a ƙulle yake irin ƙullin da masu tandarmu ke yi, ba yaga, ba huji, amma ko ɓurɓushi babu a ciki. Ya ce gara ce. Ya faɗa sau biyu, na biyun a hankali.

Wani Bafulatani ya ratso da shanunsa daga nesa, Alhaji ya ɗaga masa hannu. Bai yarda ya ƙaraso inuwar ba, daga can ya tsaya. Alhaji ya ce, "Ina mutanen garin nan?"

Ya ce, "Sun tashi tun shekarar da ruwa ya ci su. Waɗanda suka rage ga su nan kwance." Ya dubi rana, ya dube mu. "Alhaji, ku bar nan. Ba a zama a wurin nan yanzu."

A hanyar dawowa Alhaji bai daina jan carbi ba. Na ɗauka addu'a yake yi mini. Washegari ya kira ni, ko wurin zama bai nuna mini ba. Manaja ya ce taswira ta tabbatar ina tsayawa a wurin, wurin kuma babu kowa, don haka wani wuri nake karkatar da kaya. Na ce to wane kaya ya taɓa ɓata? Alhaji ya ce, "Malam, in ƙarya ka yi, ba zan iya zama da kai ba. In kuma gaskiya ka faɗa, nan ma ba zan iya ba." Aka karɓi makullin mota a hannuna a gaban masu ƙulla leda. Kafin la'asar rabin unguwa na cewa ɓarawo ne, rabi na cewa ina da mutanen ɓoye. Har yau akwai masu janye 'ya'yansu in na zo wucewa.

Na koma lodi a tasha. Wata rana direban da aka ba motata ya same ni ina cin abinci, ya tsuguna kusa da ni ya ƙi kallon fuskata.

"Yaya, wace ce tsohuwar nan ta gindin gawo?"

Na ajiye lomar da ke hannuna. Na ce, "Kana tsayawa ne?"

"Manaja ya ce kada in tsallake wurin, har yanzu shi ya fi sha. In sauke kawai, ban da surutu." Ya share gumi. "Jiya ta ce in gaishe ka. Ta ce ka daina zuwa, ko sallama ba ka yi mata ba."

Na ture kwanon na tashi. Tun daga ranar ban ƙara bin hanyar Gololo ba, ko a motar haya.

Abin da na koya ke nan, kuma da tsada na koye shi. Na'ura tana iya faɗin inda ka tsaya, amma ba ta san da wa ka tsaya ba, ba kuma za ta buɗe baki ta kare ka ba. Su kuwa masu ita, in wuri yana kawo ciniki ba ruwansu da wanda ke saye, ko mai rai ne ko wanda aka binne. Kai da ka gani da idonka, kai za a kora.