Inuwar Rawani a Hanyar Tawa

Da asubar fari munka tashi, ni da jikata, daga ƙauyenmu na bayan Takanamat, za mu Tawa. Yarinyar zabiya ce, fatarta ba ta shiri da rana. Shekarun baya an yi wani zabiya a garinmu, manomi. Ɗan ƙurji ya fito mishi a kunne, ya ƙi warkewa, ya ci, ya ci, har ya kai shi kushewa. To irin ƙurjin nan na gani a kunnen yarinyar. Tun daga ranar tuwo bai ƙara yi mini daɗi ba.

Dabarata mu riga rana isa birni. Na nemi gidan gaba na mota, direba ya ce kuɗinshi ninki ne, kuma wani mai albasa ya riga ya kama. Sai baya, bisa buhuna, mu da awaki.

Hanyar arewacin Adar kun san ta: dutse, rairayi, dutse. Itacen ma ƙaya ne, inuwarshi ba ta rufe kaza. Hantsi na dubawa ƙafar mota ta fashe, ta sauyin kuma ba iska. Anka ɗage motar, anka aika da ƙafar a babur, munka zauna jira. Ƙarƙashi ba shiga, gidan gaba ya zama tanda.

Rana ta hau. Na lulluɓe yarinyar da gyalena, ashe shara-shara ne, rana na ratsa shi. Wuyanta ya fara ja. Ba ta yi kuka ba, cewa kawai ta yi, "Kaka, wuyana na ci." Ni da na fito neman mata magani, ga ni na kawo ta bakin wuta.

Cikinmu akwai wani dattijon Buzu wanda tun tasowarmu ba a ga bakinshi ba. Ko ruwa zai sha sai ya kai butar ƙarƙashin amawalin da ya rufe bakinshi. Kun san namijinsu ba ya buɗe fuska gaban baƙi. Sai ga shi yana warware rawaninshi na turkuɗi mai shuni, yana warwarewa, har kai ya fito fili. Ya ninka shi biyu, ya kare bakinshi da hannun riga. Munka kau da ido.

Mai albasa ne bai iya shiru ba. Ya ce, "Ashe Buzu na da baki!"

Dattijon ya ce, "Kama gefe, Ba'adare, ka ɗaga sama. Ba buhu ba ne."

Haka anka yi mata rumfa da hannuwa. In wani ya gaji wani ya karɓa, har ƙafar mota ta dawo. Da munka tashi dattijon ya naɗe ta cikin rawanin, ya yi sauran tafiya kai buɗe.

A gidan likita a Tawa, da anka kware ta, lokotoro ya ja da baya: yarinya ta koma shuɗiya, shuni ya bi zufa ya rine ta. Anka yi dariya, ban da ni. Ya goge kunnen, ya duba, ya daɗe yana dubawa.

Ya ce, "Iya, bai yi saiwa ba tukuna. Kun zo kan kari."

Ya ƙona wurin da wani abu mai tsananin sanyi. Ya ce rana na cin fata daga ciki yadda tsatsa ke cin ƙarfe. Zogale, tumatir, karas da mangwaro na taya jiki kare kanshi, amma ba abincin da ke maye inuwa. Ya ba mu man shafawa, ya ce malafa da riga mai dogon hannu kullum, mu dawo bayan damina.

A kasuwa na saya mata malafa mai faɗi, munka ci kwaɗon zogale, yaji ya yi yawa amma ta cinye. Ba mu hau mota ba sai da rana ta yi sanyi.

Abin da tafiyar ta koya mini: hannu biyu ba su isa su tare rana ba. Don haka da munka dawo na bi gida gida na ba da izini. Duk wanda ya ga jikata a fili da rana tsaka, ya kora ta inuwa, ko da tsawa ne. Ni kuwa kowace safiya sai na juya kunnen nan na duba.