Taken Labbo Mahauci

Labbo mahauci ne a unguwar Jega Magaji, amma ba da nama aka san shi ba. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana dambe, daga Jega zuwa Aliero har Maiyama, ba a taɓa kai shi ƙasa ba. A dambe kuwa, duk wanda gwiwarsa ko hannunsa ya taɓa ƙasa, an kashe shi ke nan. Matarsa Dije ba ta taɓa leƙa fage ba. Nata dai ta dafa ruwan zafi ta gasa masa fuska, ta wanke zaren da yake naɗe hannu da shi ta shanya a kan danga.

Ita ta fara lura. Sai ya yi sallar la'asar sau biyu, ko ya tsaya a ƙofar gida yana tambayar ina ma za shi. Da wuyan hannunsa ya karye a kakar 1983, ta raka shi wurin wani tsoho mai ɗori a Aliero. Tsohon ya ɗaure hannun da karare, ya daɗe yana duban idon Labbo, sannan ya juya wurin Dije.

"Hannu mu ka ɗora shi. Kai kau ba a ɗora shi. Kak ki bari a ƙara bugun wanga kai."

Faɗa ba wuya. Kowane ɗan dambe yana da takensa, kiɗan da aka yi dominsa shi kaɗai, kuma Labbo in ya ji nasa, ko da loma a bakinsa sai ya miƙe. Don haka Dije ta ja mayafi ta tafi gidan Usmanu, mai kalangun da ya yi masa taken.

"Baba, don Allah ka ɗauke mai kiɗin ga. Kai nai ba shi daidai."

"Na jiya, ɗiyata. Ba ni ƙara kiɗa mai shi."

Usmanu ya cika alkawari, irin cikawar makaɗa. Take mai daɗi ba a barinsa ya mutu, in ji shi, sai ya ɗauka ya ba Alu na Danwarai, wani ƙaton ɗan dambe mai tashe. Bai tuna cewa kunnen Labbo bai san an yi kyauta da shi ba.

Da kaka ta zagayo, ranar kasuwar Jega, aka buga taken. Labbo ya bar wa ƙudaje teburin nama, ya naɗe hannu da igiyar akuya, ya ratsa jama'a ya tsaya gaban Alu. Alu mutum ne mai tarbiyya, kuma ita ta jawo komai. Ya ga sa'an ubansa, sai ya durƙusa ya gaishe shi. Gwiwa ta taɓa ƙasa. Fage ya ɗauki ihu, rabi dariya rabi tausayi, Labbo ya dawo gida yana haki.

"Dije, na kashe shi. Ko taɓa shi ban yi ba yaf faɗi."

Ta shiga ɗaki ta yi kuka, don ta san yanzu ba mai riƙe shi.

Daga nan abin ya zama al'ada. Duk inda aka kafa fage Labbo zai je, a durƙusa masa, a tafa masa. Dije ta ɓoye zaren, ta ɓoye takalmansa, ya tafi ba takalmi. Ta koma wurin Usmanu, ya ce take ya riga ya fita hannunsa, kowane mai kalangu ya iya shi. Ta aika wa Alu ya gaya wa Labbo gaskiya, Alu ya ce shi ba zai kunyata babba ba. Kowa kirki yake yi masa, kirkin nan kuwa shi ne ya hana ta sukuni.

Kaka biyu aka yi haka lafiya. A ta uku, a Maiyama, wani baƙon ɗan dambe ya zo daga wata jiha. Bai san Labbo ba, ba kuma wanda ya tuna ya gaya masa. Ya ga mutum ya ɗaga masa hannu, ya yi abin da ya kawo shi.

A motar albasa aka kawo Labbo gida. Ya yi shekara shida bayan nan a kan tabarma a tsakar gida. Bai ƙara kiran sunan Dije ba, baiwar Allah yake ce mata. Masu durƙusa masa sun zo dubiya sau ɗaya ɗaya, suka ɗauke ƙafa.

Abu ɗaya ne bai bar kansa ba. Da ta sa taɓarya a turmi, sai ya ji kamar takensa ake bugawa, hannun ya dunƙule, ya yunƙura zai tashi, ya kife. Shi ya sa duk shekarun nan Dije take ɗaukar geronta ta tafi can ƙarshen unguwa ta yi daka, ta dawo da sauri kada ya nemi ruwa ba kowa.