Furen Kakata da Simintin Tsakar Gida

Da hantsin nan ina zaune a ƙofar ɗakina na ji wani ɗan kuka siriri, tsit-tsit, daga wajen rijiya. Ban ko ɗaga kai ba na san mai shi. Ɗan tsuntsun nan ne mai lanƙwasasshen baki, wanda wuyansa ke sheƙi kamar shadda ta sha bugu. Na yi shekara fiye da hamsin ban ji shi a gidan nan ba, kuma ni na kore shi.

A nan Sabo, unguwar Hausawa a ƙasar Yarbawa, aka haife ni, a gidan fataken goro. Kakata ta wajen uba ta biyo kakana daga Arewa tana amarya, da wani iri ɗaure a haɓar zanenta. Furen daji ne, a garinsu ba mai shuka shi. Yana tashi ya fi yaro tsawo, jikin karan da dunƙule-dunƙule masu ƙaya, kowane dunƙule ya fito da furanni ruwan goro, dogaye kamar ƙananan kakaki. In ka zare ɗaya ka tsotsi gindinsa, sai ka ji ɗigon zaƙi a harshe. Furen tsotso muke ce masa.

A lungun da ke tsakanin rijiya da madafa take shuka shi da ruwan farko. Kafin damina ta yi nisa, wurin ya cika da malam-buɗe-littafi, farare da rawaya, ga tsuntsayen nan suna lilo a kan kara suna zura baki. Ta kan ajiye kujerarta a gefe tana tsinkar zogale tana kallonsu. Mu jikoki, ɗaya-ɗaya take ba mu.

"Maigida, ɗaya na ce," in ji ta, in ta ga hannuna ya koma. "Kai kana da tuwo a tukunya. Su tsuntsayen fa, wa ya dafa musu?"

In kawunan sun bushe sun yi baƙi, sai ta karya su ta kakkaɓe a faifai. Rabin irin ta zuba a kwalba, rabi ta ƙulle wa wata Bayarbiya da ke kawo mana ganyen naɗe goro, tana tafe da 'yarta a baya. Ni dariya abin yake ba ni. Wa ke kyautar ciyawa?

Ina da wajen shekara goma sha biyar mahaifina ya ce za a yi wa lungun siminti a kafa rumfa, saboda huhunan goro sun yi wa zaure yawa. Ya faɗa a gabana cewa a jira furen tsohuwa ya bushe tukuna. Na ji da kunnena. Amma lokacin ina jin kaina na zama namiji, ina so ya dawo daga tafiya ya tarar na gama aiki. Ranar da kakata ta tafi barkar haihuwa, na ɗauki adda na sare shi tas, yana tsakiyar fure, ko kai ɗaya bai nuna ba. Na kira magini ya zo washegari. Ban san ta juye duk abin da ke kwalbar a shukar shekarar ba.

Da ta dawo ta tsaya ta daɗe tana duban wurin. Na shirya wa faɗa, faɗa bai zo ba.

"Sannu da aiki, maigida," shi ne abin da ta ce.

Kwana uku tsuntsun yana zuwa ya sauka a igiyar shanya, ya juya kai nan da can. A na ukun na ji kakata tana ce masa a hankali, "Je ka, babu." Damina biyu ta ƙara a duniya. Kullum ina cewa gobe zan ba ta haƙuri, girman kai ya hana ni har aka ɗauke ta.

Bara na je Kasuwar Shasha sayen albasa, wata dattijuwa mai tumatir ta ƙura mini ido, sannan ta tafa hannu.

"Alhaji! Ba kai ne ɓarawon furen Kaka ba? Ka tsufa!"

'Yar mai ganyen nan ce. Na ce ita ma ai ba yarinya ba ce, muka yi dariya. Da na gaya mata abin da na yi wa furen, ta riƙe haɓa.

"Wannan da ya cika bayan gidanmu a Akinyele? Kowace shekara sai mun sare, ya sake fitowa. Mamana ce ta watsa shi."

Mako na zagayowa ta kawo mini kawuna bakwai busassu a leda. Na ɗauki guduma na nufi lungun rijiya. Babban ɗana ya fito da sauri.

"Baba, lafiya? Simintin fa?"

Na ce masa ni na kira maginin, ni zan fasa. Ƙasar da ke ƙarƙashi baƙa ce, da danshinta. Na shuka irin da ruwan farko.

Sabo ta sauya. Benaye sun tare rana, janareta ba ya shiru, jikokina in suna faɗa da Yarbanci suke yi. Ban yi zaton tsuntsu zai gane hanya ba, sai ga shi yau. Na roƙa wa kakata gafara, na roƙa wa kaina.

Ɗazu ƙaramar jikata ta tsotsi fure ɗaya, ta saci kallona, ta miƙa hannu za ta ƙara.

"Uwargida," na ce, "ɗaya."