Ranar da Ɗiyata Ta Cika Goma a Kan Gulbi

Ɗiyata ta fari da ciwon sikila aka haife ta. Ba mu gane ba sai da ta kusa shekara, lokacin da hannuwanta da ƙafafunta suka riƙa kumbura, tana kuka babu lallashin da yake shiga kunnenta. Tun daga nan asibiti ya zama mana gida na biyu. Sunan uwar mijina aka sa mata, ga ta kuma 'yar fari, don haka bakina bai taɓa kama sunanta ba. Ubanta "uwata" yake ce mata, kakarta ta ce "takwara". Ni sai dai in ce "ke", ta kuwa san da ita nake.

Ni haifaffiyar Kalgo ce, gidanmu gidan masunta. Marigayi babana bai samu ɗa namiji da wuri ba, saboda haka ni ce mai riƙe masa filafili in zai duba komarsa ta kamun kifi, har na isa aure. Auren ne ya kawo ni Gwandu, gidan Fulanin da suka daɗe da zama suna noma suna kiwo. Mijina hatsi yake sayarwa a kasuwa, ni kuma ina ɗinki a cikin gida. Mutanen gidan kuwa, ruwan da suka sani shi ne na rijiya da na tafkin da shanu suke sha. In aka ce gulbi, abin da yake zuwa musu a rai shi ne labarin kifewar jirgi da suke ji a rediyo.

Likita ya gargaɗe mu tun farko cewa sanyi ne babban abokin gabar yarinyar. Ba ta wanka sai da ruwan ɗumi, ba ta taka raɓa. In ruwan sama ya sauko yara suka fita tsakar gida suna tsalle, ita tana bakin taga da rigar sanyi tana kallonsu. Ba ta taɓa yi mini rigima a kai ba, wannan shirun nata ma ya fi ci mini rai. In muna kwance a asibiti ciwo ya hana ta sakat, labarin gulbinmu nake ba ta: yadda ruwa yake cika har ya shafe fadama, yadda furen bado yake buɗewa da hantsi, yadda na taɓa faɗawa ruwa garin kama agwagwa. Ko mun je Kalgo ganin gida, daga nesa take hango ruwan.

Akwai wata mata da muka taɓa haɗa ɗaki da ita a asibiti, ta dubi yarinyar ta ce mini, wai da sunan ba ni haƙuri, irin waɗannan yara ba su cika kai shekara goma ba. Na kau da kaina. Amma maganar ta zauna mini a ƙirji, shekara da shekaru. Shi ya sa da na ga kaka ta kama, watan haihuwarta ya tsaya, ga ta kuma a gabana tana tsintar shinkafa da ƙafafunta a miƙe, na ce lalle wannan shekarar ba za ta wuce shiru ba.

Na ce, "Ke, kin kusa cika goma. Me kike so in yi miki?"

Na ɗauka za ta ce leshi ko takalmi. Ta ɗago kai ta ce, "Mama, jirgi nake so in shiga. Ni da ƙawayena."

Mijina da na faɗa masa sai ya murza hularsa, sannan ya ce in je in ji ta bakin Inna, wato mahaifiyarsa. Na same ta tana dama fura, na durƙusa na gaishe ta, na kawo maganar. Ta ajiye ludayi.

"Mi kinka ce? Bikin haihuwa? Mu da munka haihu ba mu san wanga abu ba. Kuma cikin ruwa? Yarinyar da ko raɓa ba ta taɓawa?"

Na ce, "Inna, godiya ce za mu yi wa Allah da ya raya ta. A dafa abinci, a yi sadaka, ki yi mata addu'a. Ruwan kuma ni na san shi."

Ta ɗauki ludayinta ta ci gaba da damu. Na je na tambayi likitan da yake duba ta, ya ce babu laifi muddin da rana ne, a sama mata inuwa, ta sha ruwa da yawa, kada jikinta ya jiƙe. Da na kawo wa Inna wannan, ta ce to, za ta bi mu, amma ƙafarta ba za ta taka jirgi ba. A gindin itace za ta zauna ta ga abin da rigimata za ta haifar.

Jirgin da na ɗauka haya na wani dattijo ne da ya san babana tun suna samari, babban jirgin katako mai inji, wanda yake ƙetarar da manoman shinkafa. Na ce masa yaro ko ɗaya ba zai shiga ba sai da rigar kariya mai hana nutsewa. Yana da su, amma duk na manya ne. Na kwaso su zuwa Gwandu, na zauna a kan keken ɗinki na rage igiyoyinsu daidai jikin yara. Na haɗa tsofaffin zannuwana na ɗinka rumfa mai faɗi. Na soya cincin, na yi zoɓo da kunun aya, wata maƙwabciyata ta gasa mana kek. Inna tana kallona tana taɓe baki, amma ranar tafiya sai ga ta da ƙwaryar fura da nono an rufe da faifai, wai kada a kashe mata jikoki da zaƙi.

Ranar Asabar muka cika mota da yara, ƙawayenta na makaranta da 'ya'yan 'yan'uwa, muka bi ta Birnin Kebbi muka isa Kalgo da hantsi. A gidanmu an riga an dafa shinkafa an soya kifi. Muka ɗaura rumfar a kan jirgi, yara suka hura balan-balan suka rataya. Mijina ya ɗauki yarinyar cak ya ajiye ta a kan tabarma a tsakiyar jirgin don kada ƙafarta ta taɓa ruwa, shi ma ya zauna ya riƙe katako da hannu biyu. Inna tana bakin gaɓa da carbinta.

Yarinyar ta miƙa mata hannu ta ce, "Kaka, ba ki zuwa? Wa zai yi mini addu'ar?"

Tsohuwa ta dubi ruwan, ta dubi takwararta. Ta tattare zane ta ce da mai jirgi, "Kama ni, bawan Allah. In na mutu ku ce wagga yarinya ta kashe ni." Muka sa mata rigar kariya a kan hijabinta, yara suna ta dariya.

Da inji ya tashi muka rabu da gaɓa, yara duk suka zuba wa ruwa ido. Shinkafa ta nuna a fadama, masu yanka sun sunkuya a ciki, balbelu suna bin bayansu. Wani masunci yana kwance a kan gorarsa yana jan raga, ya ɗaga mana hannu. Ɗiyata kuwa idanunta sai yawo suke. Can ta ce a hankali, "Mama, in taɓa?" Na fara sa hannuna, na ji rana ta gasa ruwan, na ce ta taɓa. Ta sa yatsunta ruwa yana ratsa su, ta yi wata irin dariya da ban taɓa jin ta yi ba. Na goge mata hannun da tawul, na juya fuskata gefe don kada surukata ta ga idona.

Mun yi nisa, na buɗe kwalin kek ke nan, sai injin ya yi tari ya mutu. Mai jirgi ya leƙa ya ce tsohuwar koma ce ta naɗe farfela, dole ya shiga ruwa ya yanke ta. Yana sauka ruwa ya fara juya jirgin a kaikaice, yana jan mu zuwa wani kututture da ya leƙo a gabanmu. Wata ƙaramar yarinya ta ƙwalla ƙara ta miƙe tsaye, wasu suka bi ta, jirgin ya karkata har ruwa ya ɗan shigo ta gefe. Inna ta runtse ido tana salati.

Kafin in buɗe baki sai na ji muryar ɗiyata, da ƙarfin da ban san tana da shi ba.

"Kowa ya zauna! Wanda ya tashi ba ya cin kek."

Ta jawo ƙaramar ta zaunar da ita a kan cinyarta, ta ce, "Ku dube ni. Ku ja numfashi a hankali, ku sake shi a hankali. Haka nas ta koya mini in ciwo ya taso. Ku yi, yana wucewa." Ta ja, suka ja. Ta saki, suka saki. Ɗaya bayan ɗaya suka koma mazauninsu, jirgin ya daidaita. Yarinyar da ta fi kowa rauni a jirgin nan, ita ce ba ta firgita ba, domin ta sha ganin abin da ya fi wannan.

Ni kuwa na ɗaure mayafina a ƙugu, na rarrafa zuwa bayan jirgi na ɗauki filafili. Rabona da shi tun kafin aurena. Bugun farko ya kuɓuce mini, na biyu ya kama ruwa, daga nan hannuna ya tuna aikinsa. Na juya hancin jirgin ya fuskanci ruwa, muka goga kututturen kaɗan muka wuce, na ja mu zuwa wani tsibirin yashi da yake gefe. Mai jirgi yana maƙale a baya yana cewa, "Haka, ɗiyar masunta! Ƙara dama!" Da muka kusa, na ce da mijina ya sauka ya riƙe igiya. Mutumin da bai taɓa shiga ruwan da ya wuce idon sawu ba ya yi bisimilla ya dira. Ruwan ya kai masa ƙugu, ya ja mu da ƙarfinsa duka har jirgi ya hau yashi. Yara suka ɓarke da tafi.

A nan muka yi bikin, jirgi a ɗaure, mai jirgi yana yanke koma da wuƙa. Na taɓa jikin yarinyar, ko gefen zanenta bai jiƙe ba. Inna ta ɗaga hannu ta yi addu'a doguwa, rabi da Hausa rabi da Fulatanci, muka shafa. Ɗiyata ta yanka kek da kanta, ta fara ba kakarta. Tsohuwa ta gutsura ta tauna ta ce, "Wagga ai masa ce da ta ji sukari." Ta miƙo hannu a ƙara mata.

Masu yankan shinkafa da suka ga abin da ya faru suka ƙetaro su yi mana barka. Muka zuba musu shinkafa da kifi, Inna ta dama musu fura. Da suka ji dalilin taron, wani tsoho a cikinsu ya koma gonarsa ya dawo da damin shinkafa ɗan ƙarami ya ajiye a gaban yarinyar, ya ce Allah ya ba ta shekaru yawan ƙwayar da take ciki. Muka ce amin.

A hanyar komawa injin yana tafiya lafiya lau, yara suna waƙoƙinsu na makaranta. Inna ta matso kusa da ni. Tun da na shigo gidansu ba ta taɓa yaba mini a gaban idona ba, ba don ƙiyayya ba, haka tarbiyyarsu take. Ta daɗe tana kallon hannuwana da suka yi ja, sannan ta ce, "Allah shi jiƙan wanda ya koya miki wanga aiki." Ta juya ga ɗanta da yake matse rigarsa ta ce, "Kai kuma ka ga uwarka yau? Mu manya muna salati, ita tana kiwon mutane."

Washegari na tashi da fargaba na taɓa goshinta. Babu zazzaɓi, babu ciwon gaɓa, yunwa ma ta ce tana ji. Ni ce dai kafaɗuna suka riƙe, na yi kwanaki ban iya ɗaga almakashi ba, masu ɗinki suna zuwa ina ba su haƙuri.

Inna kuwa ta samu labari. Duk matar da ta shigo gidan sai ta zaunar da ita a tsakar gida ta ba ta, kullum kuma gulbin yana ƙara faɗi a bakinta. Wata rana ina ɗaki na ji tana gaya wa wata baƙuwa daga Dalijan cewa har kada ta gani ya buɗe baki a gefen jirgi. Ɗiyata tana wanke allonta ta ce, "Kaka, kututture ne fa."

Tsohuwa ta ce, "Ke yi mini shiru, takwara. Ni da na gani da idona."

"Ai idonki a rufe yake."

Baƙuwar ta yi dariya har da riƙe ciki, Inna ta jefi yarinyar da faifai, ta ci gaba da labarinta da kadanta a ciki.