Ɗanmaliki Mai Gaishe da Mai Karatu

Kafin wayar salula ta kashe masa kasuwa, Ɗanmaliki ne mai rubuta wa mutane wasiƙa a Karaye. Da sana'a ta mutu sai ya koma gonar gyaɗa da rubuta littattafan labari. Littafi bakwai ya cika, amma har matarsa Ummu Hani ba ta taɓa wuce shafin farko ba. Abin yana ci masa rai, mu maƙwabta mun sani, mun dai iya gudu idan ya fito da jakarsa.

Laifin na tarbiyya ne. A wurinsa rashin kunya ce ka faɗa wa mutum labari ba ka gaishe shi ba. Ga yadda ya buɗe littafinsa na yaƙi: "Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan mai karatu yana lafiya, ya iyali, ya damina, ya jikin Inna, ina sanar da kai cewa wani ɗan fashi, wanda shi ma yana gaishe ka, ya tare hanyar Rogo."

Bara matasan marubuta suka shirya gasar raha: wa zai kawo jimlar buɗe labari mafi muni? Kyauta buhun taki. Na ce masa, "Baba, ɗauko kowace jimla daga jakarka, taki naka ne." Kwana uku bai amsa sallamata ba. Shi a ganinsa jimlolin cikin jakarsa duk masu kyau ne. Sai ya zauna ya ƙago mummuna da gangan, gajera, ba sallama ba gaisuwa, har yana istigfari.

Ranar gasa aka yi ta sheƙa dariya, har aka zo kansa. Ya miƙe, kunya kamar ta kashe shi, ya karanta: "Ranar da aka binne babana na ga takalminsa a ƙafar mai wankan gawa."

Malama Sadiƙa, alƙaliyar gasar, ta ajiye biro.

"Baba, ka faɗi. Wannan ba ta da muni ko kaɗan, taki ya wuce ka. Amma don Allah, ya aka yi takalmin ya je ƙafarsa?"

"Eh, sai me ya faru?" in ji wani daga baya.

Wallahi tausayinsa ya kama ni. Dattijo ya duba takarda, ya juya bayanta, babu komai. Idonsa ya ciko da ƙwalla.

"'Yata, ban sani ba tukuna," ya ce. "Ba a taɓa tambayata ba."